Awakin Barira Hamsin da Uku

Shekara talatin da ɗaya Barira da mutanenta suna sauka a gonata bayan girbi, sai aka wayi gari wata kaka ba su zo ba, kuma ba abin da ya kore su sai bakina. Ni ce Liza, ta Garin Tanna, kudu da Baudeta. Duk wanda ya san ni ya san ba a taka ni in yi shiru, kuma na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin abin alfahari.

A da, da an gama yankan gero an ɗaure dammuna, sai mu fara duban arewa. Ba a aiko da saƙo. Wata safiya kawai za a ji kukan awaki daga bayan tudu, sai ga Iliyasu mijin Barira a kan farin raƙuminsa, jakuna na biye ɗauke da tabarmi da sandunan bukka, ita kuma tana tsakiyar garke tana yi wa kowace akuya faɗa da sunanta. Buzaye ne, kakanninsu daga Abzin suka gangaro, amma Hausar Barira ta fi tawa kaifi, musamman in an zo wajen gatse.

Tsarin tsoho ne, haka muka taras da shi. Dabbobinsu su ci kara da 'ya'yan gawo, su kwana a gona su bar taki. Duk kwana huɗu ko biyar a matsar da makwancinsu gaba, har gonar ta samu daga wannan iyaka zuwa waccan. Mu kuma mu ba su gero, su sha rijiyarmu. Lazaru mijina, lokacin yana raye, yakan ɗauki dammuna a ka ya sauke a bakin bukkarsu ya wuce kamar hanya ce ta biyo da shi, Iliyasu kuma ya duƙufa a kan butar shayinsa kamar bai gani ba. Gonar nan a kan tudu take, kuma rairayi ce zalla lokacin da aka kawo ni gidan. Awakin Barira ne suka mai da ita baƙar ƙasa mai cika rumbu uku.

Garin Tanna gida ashirin ne da 'yan kai, dukanmu Kirista. Duk Kirsimeti Iliyasu ke yanka mana rago, don kowa ya ci ba tare da ya tambayi wa ya riƙe wuƙa ba. Barira takan zauna a gindin tsamiyar da ke gaban majami'a ta saurari waƙarmu, in mun fito ta ce mini muryata ce ta sa jakinta ya tsinke igiya. Ni kuma in azumi ya faɗo suna nan, ni ke dama mata kunun shan ruwa, in ce mata ba ibada ce ta ramar da ita ba, rowa ce. Ita ta karɓi haihuwar ɗana Matthieu a cikin bukkarta, don na je karɓar nono naƙuda ta kama ni a can. Sunan ya gagare ta, ta ce ba za ta karya harshenta a banza ba, Mati take ce masa har ya yi gemu. Da Lazaru ya rasu ana tsakiyar damina, tana can arewa ta ji labari a kasuwa, ta yi tafiyar kwana uku ta zo. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta zauna kwana bakwai tana tilasta mini cin abinci, tana korar masu zaman makoki in sun cika surutu.

Tare muke tatsa da safe. Haka na san awakinta ɗaya bayan ɗaya, wadda ke harbi da wadda sai an yi mata waƙa. Ba ta taɓa gaya mini yawansu ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Makiyayi ba ya faɗin yawan dabbobinsa, kuma ba a faɗa masa. Sun ce da zarar baki ya kama adadi, albarka ta tashi. Amma ni ɗiyar manomi ce, duk abin da hannuna ya taɓa sai zuciyata ta ƙirga shi. Kakar ƙarshe da muka yi cikin kwanciyar hankali, hamsin da uku ne. Na sani, na haɗiye abina.

Daga nan 'yan bindiga suka fara ƙetarowa daga dajin kudu. Suka kore shanun Tudun Sale, babban garin Musulmi da ke gabas da mu, tafiyar rabin awa. Bayan mako uku suka zo mana, suka ƙone rumbuna goma sha ɗaya. Ba na son tsawaita wannan. Wanda ya taɓa jin warin gero yana ci da wuta ba ya bukatar bayani, wanda bai ji ba kuwa Allah ya raba shi da ji.

Manya suka zauna, Sha'ibu mai garin Tudun Sale da fastonmu da Iliyasu, suka yi alkawari duk wanda aka taɓa sauran su kawo ɗauki. Tudun Sale suka ba da samari da babura da isansi, wato man fetur. Buzaye suka fasa komawa arewa har shekara biyu, suka yi zango can yamma bayan fadama, inda hanyar ɓarayin take, suna bin sawu a kan raƙuma suna kawo labari. Mu kuwa, da yake garinmu ne a tsakiya, aka bar mana tukunya. Matthieu, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa har ya dawo da tabarau, ya ce mun zama ƙasashe uku masu ƙawance, irin waɗanda ake faɗa a rediyo. Na ce masa to ƙasarsa ta tashi ta samo mini itace.

Da soji suka iso, gonata suka zaɓa, don daga tudun ana hango ko'ina. Ban ga laifinsu ba, har gobe ina yi musu addu'a, su suka sa muka koma barci. Amma sun haƙa ramuka daga gefe zuwa gefe, sun cika buhuna da ƙasar sama, wato takin shekara talatin, sun jera su, manyan motocinsu kuma suka daɓe sauran. In na biyo ta wurin sai in kau da kai.

Ni da maƙwabtana Abigail da Léa muka riƙe girkin masu gadi, wani lokaci baki arba'in. Gero daga garuruwan biyu yake zuwa. Nama kuwa Khalil ƙanen Iliyasu ke kawowa a kan jaki, a feɗe, ya sauke ya juya, don shi ba mai magana ba ne. Na ɗauka mai gari ke saye a kasuwa yana aiko shi. Barira kuwa, shekara biyun nan sau uku na gan ta, a tsaitsaye, don an hana mu mata bin hanyar yamma.

Abin kunya ne in faɗa, amma ina kewar wani abu na kwanakin nan. Ran Juma'a yaranmu ke tsare bakin daji don samarin Tudun Sale su je masallaci, ran Lahadi su kuma su karɓa. Kwano ɗaya ake sa hannu, Bahaushe da Buzu da ɗan fasto, ana tsokanar wanda ya fi loma. Duk su Mama suke ce mini, ina zaginsu suna ƙara miƙo kwano. Tsoro ne ya haɗa mu, na sani, amma ya haɗa mu da kyau.

Sannu a hankali abin ya lafa. Soji suka naɗe kayansu suka yi gaba. Sai muka waiwaya muka ga abin da ya rage: rumbuna sun zama toka, aji ɗaya na lakwal babu rufi, rijiyarmu kuma, wadda ta shayar da gari biyu da zango da raƙuma da sojoji, ta rufta daga ciki. Wani poroje, irin ƙungiyoyin agajin nan, ya ce zai kawo siminti da magina, amma sai jama'a sun fara ajiye nasu kason. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mutanen da suka kwanta a rami ɗaya suna jiran harsashi, sai ga su sun kasa haɗa ido a kan kuɗin rijiya.

Aka kira taro a gindin tsamiya bayan la'asar, maza a gaba, mu mata a baya. Sha'ibu ya fara. Ya ce su sun ba da 'ya'yansu, biyu ba su dawo ba, ya tambaya ko akwai wanda ya san kuɗin wannan. Ya ƙara da cewa rijiyar ma ba a garinsu take ba. Gaskiya ya faɗa. Fasto ya ce wutar a gidanmu ta ci, kuma ba a taɓa jin wanda gobara ta cinye shi ne zai biya masu kawo ruwa ba. Shi ma gaskiya ya faɗa. Matsalar taron ke nan, kowa gaskiya gare shi.

Sai ɗana ya miƙe, ya buɗe kaye, littafin rubutunsa, ya zaro bik, wato biro. Ya ce haka manyan ƙasashe ke yi in an gama yaƙi, ba a rabawa daidai, kowa na biya gwargwadon ƙarfinsa. Manomi ya faɗi rumbunansa, ɗan kasuwa ya faɗi shagonsa, makiyayi ya faɗi dabbobinsa, shi kuma ya buga lissafi. Ya rufe da “c'est logique”, wai da Faransanci abin a fili yake, ya gyara tabarau. Kada in yi ƙarya, ina kallonsa ina jin daɗi. Ban lura ba cewa Buzaye duk sun ja rawani sun rufe har hanci.

Aka zo kan Iliyasu. Sai ya ce su za su kawo awaki biyu. Wasu samarin Tudun Sale suka ƙyalƙyale da dariya, wani ya tambaya ko kaji biyu yake nufi.

Ni kuwa tun safe raina a ɓace yake. Na je gonar na sara hauya, ta yi tsalle ta dawo mini. Ina zaune ina ji kowa na lissafin abin da ya rasa, ba wanda ya ambaci gonar Lazaru. Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Awaki biyu, Iliyasu? Ka ji tsoron Allah. Barira ita kaɗai awakinta hamsin da uku. Da hannuna na tatse su.”

Nan take bik ɗin Matthieu ya fara tafiya a kan takarda. Barira tana zaune, mutum uku tsakanina da ita. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta dube ni sama da ƙasa.

“Ashe kin iya lissahi, Liza,” ta ce, ta tafi.

Aka yanka wa zango kaso babba, kusan daidai da na Tudun Sale. Iliyasu bai yi musu ba. Kafin mako biyu Khalil ya kawo kuɗin cif, ya ajiye a gaban fasto. Da hadarin farko ya fara haɗuwa suka kwashe bukkokinsu suka yi arewa, ba sallama. Na gaya wa Abigail gaskiya ce ta yi musu ɗaci, za su huce. Na gaya wa kaina haka ma, sau da yawa, don maganar ta ƙi zama mini.

Aka gyara rijiya, ta yi kyau, da bakin siminti da murfi. Damina ta yi albarka a gonakin mutane. A tawa kuwa kusurwa ɗaya ce ta amsa, wajen wasu gawo biyu inda mota ba ta iya shiga, sauran geron ya tsaya iya gwiwa ya yi ja. Kaka ta zo, aka ɗaure dammuna, na fara duban arewa kamar kullum. Mako ɗaya ya wuce, na biyu, har na huɗu. Fulani suka wuce, wasu Buzayen da ban sani ba suka wuce. Abinci ya fita daga raina, kuma duk wanda ya tambaye ni ko lafiya sai ya sha masifa.

Matthieu ne ya kasa jurewa. Wata rana ina tsince wake ya tsuguna kusa da ni ya ce akwai abin da ya ɓoye mini. Kwana kaɗan bayan taron ya je kasuwar Tasawa, ya ga Iliyasu a wajen dillalan raƙuma. Ya ga an ja farin raƙumin an tafi da shi, ya ga tsohon ya fito da sirdi a kafaɗa yana tafiya a ƙasa. Na zazzaga masa faɗa, na ce shi da tabaransa da lissafin ƙasashensa ne suka jawo. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Mama, mai awaki hamsin ba shi saida raƙumin hawanshi.” Ran nan ko ruwan rijiyar ban iya sha ba.

An ce zumunci a ƙafa yake. Na ɗaure tiya biyu ta wake da ɗan barkono, na hau babur zuwa Baudeta, na shiga mota zuwa Tasawa, daga nan na bi motar 'yan kasuwa zuwa Kanan-Bakashe, a matse tsakanin buhun gishiri da wata mai tabarmin kaba wadda ta ba ni tarihin surukarta kaf. A kasuwa na bi layin masu sayar da cuku ina tambayar Barira matar Iliyasu. Ta huɗu ce ta san ta. Ta ce ai Barira ta daina kawo cuku, amma suna cikin kwarin goruba, in bi hanyar rijiyar shanu.

Rana ta take lokacin da na hango bukkar. Na gane tabarmin, don akwai wadda ni na saya mata a Baudeta. Awaki na kwance a inuwar goruba. Na gargaɗi zuciyata, ba ta ji ba. Tara. Na duba bayan bukka, na duba nesa ko wani ya kai sauran kiwo. Babu sawun garke, kuma makwancin nasu bai fi ɗakina faɗi ba.

Barira ta fito tana kare rana da hannu. Ta rame, kuma wannan karon ban sami bakin tsokana ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka yi gaisuwar baƙi, ina gida, ina gajiya, ina Mati, kamar jiya muka fara ganin juna. Gaisuwar nan ta fi mini zagi ciwo. Da ta ƙare na kasa yin kwana-kwana.

“Barira, ina sauran?”

“Ni za ki tambaya? Tambayi tukunyarki.”

Ban gane ba sai da ta ƙara bayani. Goma sha huɗu ɓarayi suka kora rana guda. Sauran kuwa su ne Khalil ke kawo mini a kan jaki. Ba mai gari ba ne, ba kasuwa ba ce. Iliyasu ne ya ce 'ya'yan mutane ba za su tsare daji da gayan tuwo ba. Ya fara da nasa, da suka ƙare Barira ta ce a shiga nata, kuma ya hana kowa faɗa, don a wurinsu wanda ya ba da abu ya ambata, bai ba da ba. Biyun da ya yi alkawari a taro, daga cikin ɗan abin da ya rage ne. Da na tashi na faɗi adadina a gaban gari biyu, hanya biyu ta rage masa: ko ya ƙaryata ni ya tona wa gidansa asiri cewa ba su da komai, ko ya biya. Sai ya ja raƙumi kasuwa.

Na tuna yadda nake yanka naman nan ina mita cewa ya yi tauri, cewa mai gari bai iya zaɓen dabba ba. Wataƙila Kyalla ce a hannuna, wadda sai na yi mata waƙar majami'a take sakin nono. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne ni, na fashe da kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka binne Lazaru.

Barira ta bar ni na ɗan yi, sannan ta ce in rufe mata baki kada in firgita mata awaki, da ma ba su da yawa. Ta jawo ƙwarya ta fara dama fura da ɗan nonon da bai kai ya rufe gindin ƙwaryar ba. Tana damawa, ba ta dube ni ba, ta ce:

“Sake hwaɗi.”

“Mi?”

“Yawan nan da kinka hwaɗa gaban mutane.”

Na ce ba zan sake ba har in mutu. Ta ce ai ɓarnar ta riga ta auku, babu sauran albarkar da za ta tashi. Na faɗa a hankali, hamsin da uku. Ta tsayar da ludayi ta lumshe ido.

“Ran nan kamar in shaƙe ki,” ta ce. “Amma da munka taho nan, kowa na ganina da tara, suna zaton haka nike tun hwarko. Ke kaɗai kinka san ni da garke.”

Sai muka shiga kiran su. Ta ce Kyalla, na ce 'Yar Mayahi mai satar wake. Ta ce Guntuwa, na ce Amarya, wadda ta haifi uku-uku shekara biyu a jere. Ta tuna wadda ta shiga majami'a ana tsakiyar wa'azi ta ci gefen littafin waƙar Léa, na tuna baƙar nan da ta bi Lazaru har kasuwa ta ƙi dawowa sai da ya saya mata ƙuli-ƙuli. Muka yi musu a kan wata mai karyayyen ƙaho, ita ta ce ta mutu tun kafin tashin hankali, ni na rantse da ita na ƙirga. Muka yi ta dariya muna share ido, furar ta daɗe a gabanmu ba mu sha ba.

Iliyasu ya dawo daga rijiya a ƙasa, da guga a kafaɗa. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce ya ji an ce rijiyar Garin Tanna ta yi kyau, ya tambaya gaba nawa ce yanzu. Na ce ashirin da biyu. Ya ce madalla, ya wuce inuwa ya hura gawayin shayi. Iyakar abin da na samu daga gare shi ke nan, kuma na san ya yi ƙoƙari.

Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce kara na nan tsaye, gawo ya fara 'ya'ya, su taho. Barira ta girgiza kai. Ta ce ba fushi ba ne, fushi ya ƙare tun damina. Awaki tara ba sa takin gona, ita kuma ba za ta zauna a bakin bukka a ajiye mata dammunan da ba ta yi aikinsu ba. Sadaka a bakin masallaci ake karɓarta, in ji ta, ba a gonar ƙawa ba.

Manomi ma yana da abin da ba ya faɗa. Ko Matthieu ban bari ya ga ɗaurin bana ba, da kaina na kwashe na rufe rumbu. Na dubi ƙasa na ce:

“Dami bakwai na samu bana.”

“A wace gona?”

“A gonar da kinka sani. Kusurwar gawo kaɗai ta rage da rai. Tara sun ishe ta.”

Ta daɗe tana kallona. Ta san rumbuna ukun nan, ta sha zama a inuwarsu. Sai ta tambaya nawa zan ajiye musu a cikin bakwai ɗin, abin da ba a taɓa tambaya ba tsakanin gidajenmu. Na ce huɗu. Ta ce hauka nake, ɗaya. Na ce uku, ta ce ɗaya da rabi, kuma in na ƙara ko zangarniya ba za ta zo ba. Muka yi ta ja, ni ina hawa tana sauka, har Iliyasu ya yi gyaran murya daga inuwa, muka tsaya a biyu.

Ta raka ni har bakin hanyar mota. Waken ma sai da ta ce ƙwari sun cinye rabinsa kafin ta karɓa. Da muka hango motar tana tahowa ta riƙe mini hannu.

“Bayan kasuwa biyu muna tahe. Amma ki gaya ma mutanenku kada kowa ya hito tarbarmu kamar da. Ba ni son a tsaya bisa tudu ana kallonmu muna shigowa.”

Na ce duk wanda ya leƙo, ni da shi ne, ai ta san ni.

“Na san ki,” ta ce. “Ke ma kada ki hito. In kin ji kukansu, ki bari sai mun kahwa bukka, in aiko a kira ki.”

Tun da muke, ni ce ke fara tarbarta a bakin gona da ƙwaryar ruwa. Na ce to, na shiga mota.